Tuƙin Keken Tsauni a Siririyar Turbar Daji: Jagora Daga Bakin Hanya Har Gangare

Duk wanda ya tashi a garuruwanmu gani yake ya iya keke. Da na haya muka koya, muna zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya don ba mu kai sirdi ba. Mun yi goyon biyu, mun yi goyon uku, mun saki hannu a titi don 'yan unguwa su gani. Da wannan taƙama na shiga dajin Glentress da ke kudancin Sikotlan, kusa da garin Peebles, tafiyar kamar awa guda a mota daga Edinbara. Ban yi minti ashirin ba na tsinci kaina kwance a gindin wata bishiya, keken yana can gefe, tayar gaba tana ta juyawa ita kaɗai. Bishiyar nan ba ta tare hanya ba. Ni ne na ƙura mata ido ina ta cewa a raina kada in buge ta, keken kuwa ya kai ni daidai inda nake kallo.

Turbar da ake magana a kanta, wadda masu harkar ke kira singiltirak, faɗinta bai wuce kamu ɗaya zuwa biyu ba. Keke ɗaya take ɗauka, kamar turbar da ke ratsa gonaki zuwa rafi, sai dai ita tana hawa tudu, tana faɗawa kwari, tana murɗewa tsakanin itatuwa, ga saiwoyi da duwatsu a kwance a kanta. Hawanta na buƙatar ka ajiye rabin abin da titi ya koya maka: zama daram a sirdi, damƙe birki da hannu duka, da kallon abin da kake tsoro. A nan ido da ƙugu ne ke tuƙi, hannu rakiya kawai yake yi.

Mataki na farko: zaɓi turbar da ta yi daidai da kai

A dazuzzukan Birtaniya da aka gyara don keke, kowace turba tana da launi a jikin turakun da ke bakinta. Kore ta masu koyo ce da yara. Shuɗiya tana da ɗan hayi da gangare da kwana-kwana, amma babu abin da zai ba ka mamaki. Ja tana da duwatsu da saiwoyi da matakalai, sai wanda hannunsa ya faɗa. Baƙa kuwa ta gwanaye ce. A Amurka da Kanada tsarin ya ɗan bambanta: kore, shuɗi, sai baƙin lu'ulu'u ɗaya, sai biyu. Launin yana gwada turbobin wuri ɗaya ne da junansu, don haka jar wani daji tana iya zama baƙar wani.

Fara da kore ko da kana jin ta yi maka kaɗan, sannan ka yi shuɗiya sau uku ko huɗu kafin ka leƙa ja. A Glentress akwai wani ɗan fili na atisaye inda aka jera ƙananan duwatsu da kwana-kwana da matakalai, mutum ya maimaita su har jikinsa ya saba. Ba ƙaramin wuri ba ne dajin, don a nan aka yi tseren ƙetare daji na gasar duniya a watan Agustan 2023, inda Tom Pidcock na Birtaniya ya cinye a ɓangaren maza, Pauline Ferrand-Prévot ta Faransa ta cinye a na mata. Ni dai kuskurena ranar farko shi ne na ga yaro ɗan shekara goma ya shiga ja, na ce ai ba zai fi ni ba. Ya fi ni.

Duba lokacin faɗuwar rana kafin ka fita. A wannan yanki, a watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, cikin kurmi kuma duhu kan riga haka shiga. A watan Yuni kuwa har wajen ƙarfe 10 na dare da sauran haske.

Mataki na biyu: keken da binciken sa

Kada ka yi gaggawar saye. Ana samun na haya a irin waɗannan wurare, kuma hawa biyu ko uku zai nuna maka abin da kake so. Keken tsauni iri biyu ne a taƙaice: mai shokozoba a gaba kaɗai, da mai shokozoba gaba da baya. Na farkon ya fi araha, ya fi sauƙin gyara, kuma a ganina ya fi koyar da mutum, domin ba ya rufa maka asiri. Ka taka dutsen da bai kamata ba, nan take za ka ji a ƙugunka. Wanda shokozobarsa ke lotsawa milimita 120 zuwa 140 ya wadatar. Tayoyin yanzu inci 27.5 ne ko 29, faɗinsu inci 2.3 zuwa 2.6, masu manyan haƙora. Abin da ba zan yi sassauci a kansa ba shi ne birkin faifai mai aiki da mai, da kuma girman keken ya dace da tsawonka.

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma wannan binciken na minti biyar kullum ake yin sa kafin a hau:

Ɗaga gaban keken ka juya taya, ka ji ko tana gogar wani abu, ka girgiza ta gefe da gefe ka tabbata sandar da ta riƙe ta a ɗaure take. Matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya. In ka ji ƙwas-ƙwas a wuyansa, boris ya saki. Matse kowane birki shi kaɗai: hannun birkin ya tsaya da tauri kafin ya taɓa mariƙi. In ya tafi lagwaf har ƙarshe, iska ta shiga man, kada ka hau. Leƙa takalman birki ka ga da sauran nama. Juya feda baya ka ga sarƙa na tafiya sumul. Daga nan ka ɗaga keken kaɗan ka sake shi ƙasa, duk abin da ya kwance zai yi ƙara.

A wannan binciken ne za ka gane wane hannu ke riƙe da birkin gaba. A Birtaniya na dama ne, a Amurka da yawancin ƙasashen Turai na hagu ne. Wanda ya ari keken baƙo bai duba wannan ba, a gangaren farko zai sani.

Sai iskar taya, inda kusan kowane ɗanmu ke kuskure. Mun saba mai faci ya buga mana iska har taya ta yi tauri kamar dutse. A turbar daji taya mai tauri tsalle take yi a kan kowace saiwa, ba ta kama ƙasa. Ga mutum matsakaici a kan taya tubles, wato marar tub a ciki, PSI (ma'aunin ƙarfin iskar taya) 22 zuwa 24 a gaba da 25 zuwa 28 a baya mafari ne mai kyau. In da tub a ciki ƙara kaɗan, don kada dutse ya matse shi da bakin wili ya huda shi wuri biyu kamar saran maciji. Mai nauyi ya ƙara, marar nauyi ya rage. Shokozoba ma da iska ake daidaita yawancinsu: in ka hau da kayanka, ta gaba ta lotsa kamar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na tsawon tafiyarta, ta baya kashi 25 zuwa 30.

Tsawon sirdi: zauna, ɗora dunduniya a feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak. Wannan na hayi ne. A gangare ana sauke shi ƙasa sosai. Kekunan yanzu suna da wani maɓalli a mariƙi, ka danna ka zauna sirdin ya nutse, ka danna ka tashi ya dawo. In naka ba shi da shi, tsaya a saman tudu ka sauke da hannu, ba abin kunya ba ne.

Mataki na uku: abin sawa da abin ɗauka

Hular kwano dole ce, wadda ta rufe ƙeya, a ɗaure yadda yatsu biyu kawai za su shiga ƙarƙashin haɓa. Safar hannu, tabarau saboda reshe da laka, da kariyar gwiwa in za ka shiga ja. Takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa na roba, igiyarsa a cuse ciki. Doguwar riga da wando mai faɗin ƙafa ba su da wuri a nan, sarƙa za ta cafke su. 'Yar'uwa mai son hawa ta nemi ƙaramin hijabi mai kama kai wanda zai shige ƙarƙashin hula, ta cusa gefensa cikin riga, da wando mai tsuke ƙafa a ƙarƙashin rigar da ba ta wuce gwiwa ba.

A jaka: ruwa, aƙalla rabin lita ga kowace awa, dabino ko gyaɗa, tub ko da tayarka tubles ce, famfo, ƙarafan cire taya, ɗan kunshin makullai, mahaɗin sarƙa, bandeji, rigar ruwa, waya cike da caji da taswira a sauke cikinta, don sabis kan ɗauke a kwari. Ka gaya wa wani inda za ka da lokacin da za ka dawo.

Mataki na huɗu: tsayuwa

Wannan shi ne gindin komai, kuma a fili ake koyon sa, ba a gangare ba. Sami wuri shimfiɗaɗɗe, ka ɗan yi gudu, ka daina taka feda, ka miƙe tsaye. Fedoji su daidaita, ɗaya gaba ɗaya baya, kada ɗaya ta rataya ƙasa inda dutse zai kama ta. Ƙafar da ta fi maka daɗi ita ce a gaba. Sauke dunduniya kaɗan. Gwiwoyi su ɗan lanƙwashe, su buɗe, kada su matse sirdi. Tura ƙugu baya kaɗan ka sunkuya kamar mai shirin ruku'u, haɓarka tana saitin wuyan keken, gwiwoyin hannu a buɗe waje kamar kaza ta buɗe fiffike.

Nauyinka duka a kan ƙafafu yake. Gwajinsa mai sauƙi ne: a wannan tsayuwar ya kamata ka iya sassauta yatsunka har su yi wasa a kan mariƙi ba tare da ka faɗa gaba ko baya ba. In kana jin nauyi a tafin hannu, ka yi gaba da yawa. In kana jan mariƙi, ka yi baya da yawa.

Amfanin wannan shi ne keken ya sami damar rawa a ƙarƙashinka. Ya hau dutse, hannu da gwiwa su lanƙwashe su shanye. Ya faɗa rami, su miƙe su bi shi. Kanka kuwa yana tafiya a layi ɗaya, kamar na mai tallan da ta ɗauko ƙwaryar nono a turba mai gargada, ƙafa da ƙugu na aiki, ƙwarya ba ta motsi. Hannunka da ƙafarka sun fi kowace shokozoba tsawon lotsawa.

Za ka ji tsofaffin mahaya na cewa a gangare ka koma can bayan sirdi. Zamanin gajerun kekuna ne wannan. A keken yanzu in ka rataye a baya hannu a miƙe, tayar gaba ta rasa nauyi, ba ta kama ƙasa, kuma ba ka da sauran hannun da za ka juya ta. Tsaya a tsakiya, ka yi ƙasa. Keken ne zai karkata gaba ya bar ka a bayansa gwargwadon gangaren.

Mataki na biyar: ido

Bayan faɗuwata ta farko, wani ɗan Jos da muka je tare, wanda ya girme ni kuma ya daɗe a harkar, ya tsaya a kaina yana dariya. Ya ce, “Malam, me ka ajiye a jikin itacen nan da kake ta kallonsa? Kalli inda kake so ka bi mana.” Na ce, “Yaya, ai gudunsa nake.” Ya ce, “To keke bai san gudu ba, kallo ya sani.”

Ka ɗaga kai ka duba gaba, nisan da za ka kai cikin daƙiƙa biyu ko uku. Gudu na ƙaruwa, kallo na ƙara nisa. In ka hango dutse, ka gan shi sau ɗaya ya isa, mayar da ido kan ratar da ke gefensa. Abin da ya riga ya zo ƙarƙashin taya ya wuce shawara, jiki ne zai ji da shi. Wannan yana da wuyar sabo fiye da yadda ake zato, domin tsoro kullum ƙasa yake jan ido. Ni har magana nake yi wa kaina a fili, ina cewa ɗaga kai, ɗaga kai, kamar mai koyon karatu.

Mataki na shida: birki

Wasan nan da matsalar birki ya fara. A ranar 21 ga Oktoban 1976 wasu matasa a gundumar Marin ta Kalifoniya suka yi tseren gangara a wata hanyar daji da tsofaffin kekuna masu birkin feda. Gangaren ya kai wajen mita 400 a cikin kilomita uku da ɗoriya, kuma kafin a kai ƙasa zafi ya ƙone giris ɗin cibiyar tayar baya, sai an sake cusa wani. Daga nan tseren ya sami sunansa, Repack, wato sake cusawa. Cikin waɗanda suka yi suna a wannan tsere akwai Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper kasuwa, a 1996 kuma wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Birkin da ke hannunka yau ya fi nasu nesa ba kusa ba, shi ya sa yatsa ɗaya ya ishe shi.

Manuniya kaɗai za ka ɗora a ƙarshen hannun birki, sauran yatsun su riƙe mariƙi. Ana matsa shi ne sannu-sannu kamar mai gwada nunar mangwaro, ba a fizga. Yi amfani da duka biyun tare. Mun taso da tsoron birkin gaba, an ce yana wuntsila mutum, alhali shi ne ke da mafi yawan ƙarfin tsayarwa, saboda in ka rage gudu nauyi gaba yake komawa. Abin da ke wuntsilawa shi ne fizgar sa jiki a sake. Yayin da kake matsawa, sauke dunduniya, yi ƙasa, tura ƙugu baya kaɗan, ƙarfin ya bi ta ƙafafu ya shiga feda.

Inda ake taka birki ya fi yadda ake taka shi muhimmanci. Nemi wuri miƙaƙƙe mai ƙasa mai kamu, ka rage gudu sosai a nan, sannan ka saki kafin kwana, kafin saiwa, kafin dutse. Taya ba ta iya yin aiki biyu da kyau a lokaci guda: ko ta tsayar da kai, ko ta juya da kai. Kuma kada ka ja birki tun daga sama har ƙasa, faifan zai yi zafi, ƙarfinsa ya ragu, hannunka ya ƙage. In tayar baya ta kulle tana jan ƙasa, ba tsayawa kake yi ba, turbar kake nome wa mutane.

Yi atisaye a fili: ajiye dutse a matsayin alama, ka taho da gudu ka tsaya a kansa da birkin baya kaɗai, sannan na gaba kaɗai, sannan duka. Sau goma-goma. Bambancin zai ba ka mamaki.

Mataki na bakwai: hayi

Ɗaga sirdi, zauna. Sauya giya zuwa mai laushi tun kafin hayin ya kama ka, kana ɗan sassauta ƙafa lokacin da sarƙa ke tsallakawa. Wanda ya jira sai ƙafarsa ta yi nauyi sannan ya sauya, shi ne ke tsinka sarƙa. Juya feda da sauri-sauri cikin sauƙi ya fi taka ta da ƙarfi. In tudun ya miƙe har gaban keken na son tashi, matso bakin sirdi, sauke ƙirji kusa da mariƙi, ka ja gwiwoyin hannu baya. In ka miƙe tsaye a kan tsakuwa ko laka, tayar baya za ta yi ta juyawa a banza. Ka yi tafiyar da za ka iya magana a cikinta. In ta ƙi, sauka ka tura, kowa ya taɓa turawa.

Mataki na takwas: kwana

Kwana iri uku za ka tarar.

Akwai mai ganuwa, wadda aka tara ƙasa a bayanta ta zama kamar gefen kwano. Ita ce mafi daɗi, kuma gangaren Spooky Wood da ke saman jar turbar Glentress da irinta ya yi suna. Gama birki kafin ka shiga, shiga ta sama-sama, fedoji a daidaice, kai da keken ku kwanta tare, ido yana can mafita tun kana bakin shiga. Ganuwar ce za ta riƙe ka. Mai tsoro yakan bi ta can ƙasa inda tsakuwa ta taru, nan ne kuma santsin yake.

Akwai shimfiɗaɗɗiya, wadda babu abin jingina. A nan keken ake kwantarwa fiye da jiki. Sauke fedar waje ƙasa ka ɗora mata nauyi, miƙe hannun ciki ka tura mariƙi ƙasa, juya cibiyarka ta kalli inda za ka. Haƙoran gefen taya, waɗanda suka fi girma, sai an kwantar da keken suke cizon ƙasa. Ka bar ɗan nauyi a gaba. Tayar baya in ta zame ana iya cetowa, ta gaba in ta zame sai ƙasa.

Sai mai komowa baya kamar ƙugiya, wadda ake yi a jikin tudu mai tsayi. Rage gudu har kamar tafiyar ƙafa, buɗe ta waje sosai, juya kai gaba ɗaya ka kalli bayan kafaɗarka inda turbar ta nufa. Tayar gaba ta zagaya ta waje, ta baya za ta yanke ta ciki da kanta. Kowa yana da ɓangaren da ya fi ba shi wuya, nawa na dama ne har yau.

Mataki na tara: saiwoyi, duwatsu da matakala

Jiƙaƙƙiyar saiwa ta fi sabulu santsi, a Sikotlan kuwa kusan kullum a jiƙe take. Dokokinta uku: ka tsallaka ta a gicciye gwargwadon iko, kada ka taɓa birki a kanta, kada ka juya a kanta. Rage gudu kafin ka iso, saki birki, sassauta jiki. Dab da ita ka ɗan danna keken ƙasa ka bar shi ya taso, sai ya wuce da sauƙin nauyi. Taya za ta ɗan goce ta sake kamawa. In jikinka a sake yake, gocewar ba ta kai ko'ina ba. In ka sandare, ta tafi da kai.

A filin duwatsu saurin da ya yi kaɗan ya fi kayar da mutum, domin taya na faɗawa kowane rami ta tsaya. Zaɓi layi tun daga nesa, shiga da gudun da ya ɗan fi sassarfa, ka bar keken ya yi ta rawarsa.

Matakala kuwa, wato inda turba ta yanke ta faɗa ƙasa, ka sauka ka duba ta da ƙafa a karon farko. In gajeriya ce wadda taya za ta iya gangarawa ba tare da cikin keken ya daki bakin ba, taho a hankali, yi ƙasa sosai hannu a lanƙwashe, da tayar gaba ta kai baki sai ka tura mariƙi gaba da ƙasa, hannun ya miƙe ya bi ta. Wadda ta fi haka sai an tashi sama, wannan kuma darasin wata rana ne, a wurin mai koyarwa. Yawancin wuraren nan suna da 'yar hanyar kewaye a gefe. Bi ta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Zama da mutane a turba

Turbobin da aka gina don keke galibi hanya ɗaya suke, kada ka hau su ta baya. A waɗanda ake tarayya, mai keke ne ke kauce wa mai tafiya a ƙasa da mai doki, mai gangarowa kuma ya ba mai hawa hanya. In ka ga doki, tsaya, yi magana don ya san mutum ne. In wani ya taho bayanka da gudu, kada ka rikice, nemi wuri mai faɗi ka ratse. In za ka tsaya, fitar da kanka da keken daga turba, musamman bayan kwana ko ƙasan matakala. In ka tarar da kududdufi, ratsa ta tsakiyarsa, don kewayewa ke faɗaɗa turba har ta lalace.

In an faɗi

Za a faɗi. In ka ga babu makawa, saki keken, dunƙule jiki ka mirgina. Miƙa hannu a sandare don tare ƙasa shi ke karya wuyan hannu da ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa. In kana iya motsi, janye daga turba, ka zauna minti biyu kafin ka yanke hukuncin cewa lafiya kake. In kai ya bugu kuma akwai jiri, amai, ciwon kai ko ruɗewa, hawa ya ƙare, sai asibiti, hular ma ta gama aiki ko da ba ka ga tsaguwa ba. Wanda ke kukan wuya ko baya kada a ɗaga shi, a lulluɓe shi a nemi taimako. A Birtaniya 999 ake kira, a nemi 'yan sanda, sannan a ce ana son masu ceto na tsauni. Kafin ka sake hawa, duba mariƙi bai karkace ba, birki na kamawa, taya ba ta lanƙwashe ba.

In a gida za ka gwada

Duk abin da ke sama yana aiki a turbobin duwatsun Shere da ke gabashin Jos, ko kowane tudu da ke kusa da ku, sai dai can babu turaku masu launi, kuma turbar ba taka ba ce. Ta manomi ce, da mai ɗauko itace, da makiyayi da shanunsa. Kowace kwanar da ba ka ganin bayanta, ka ɗauka akwai mutum. Yi sallama, tambayi mutanen wurin inda turbar ta nufa da yadda lafiyar yankin take, kada ka shiga shuka, kada ka tafi kai kaɗai. Fita da sassafe, ninka ruwan sha. Ƙaya ce babbar abokiyar gaba, a nan tayar tubles mai ruwan toshe huda take biyan kuɗinta. Tsakuwar marmara a lokacin rani kuma santsinta bai gaza na jiƙaƙƙiyar saiwa ba.

Bayan an sauko

Wanke keken tun lakar ba ta bushe ba, da bokiti da soso ko tiyo mai sanyin ruwa. Injin wankin mota mai ƙarfi yana tura ruwa cikin boris ya kore giris. Goge sandunan shokozoba da tsumma mai tsabta. Busar da sarƙa, ɗiga mata mai ɗigo-ɗigo, juya feda, sannan ka goge wanda ya yi saura. Ko ɗigo kada ya taɓa faifan birki, in ya taɓa takalman sun lalace, sai kuwwa da rashin kamu.

Sannan ka binciki jikinka. A dazuzzukan Turai da Amurka akwai ƙananan kaska masu ɗauke da cutar Lyme, suna maƙalewa a bayan gwiwa, matsematsi, hammata da gefen gashi. In ka ga ɗaya, kama ta da hantsaki dab da fata ka ja a miƙe a hankali. Kada ka ƙona ta, kada ka shafa mata mai. In bayan kwanaki wurin ya yi wani zagaye yana faɗaɗa, ko zazzaɓi ya zo, je wurin likita ka gaya masa kaska ce ta cije ka. A baƙar fata zagayen ba lallai ya fito ja ba, yakan yi duhu-duhu kamar jini ya kwanta, don haka a wuri mai haske za ka duba.